Yadda Ake Yi wa Kamfani Rajista a Amurka Ba Tare da Zama a Can Ba

Duk mai sayar da kaya ko aikin hannunsa ta intanet ga mutanen waje, ko ba daɗe ko ba jima sai ya ci karo da katanga. Ko dai kamfanonin da ke karɓar kuɗi da kati ba sa aiki a inda yake, ko kuma wani babban mai saye ya ce shi da kamfani yake hulɗa, ba da mutum ba. Daga nan maganar buɗe kamfani a waje take tasowa, kuma galibi Amurka ake dosa, domin dokarta ba ta ce sai ɗan ƙasa ko mazauni ba. Ba a tambayar biza, ba a cewa sai ka taka ƙafarka can. Irin kamfanin da aka fi yi shi ne LLC, wato kamfanin da bashinsa ke tsayawa a kansa, ba ya tsallakawa ya ci gidanka da motarka. Jihar Wyoming ce ta fara kafa dokarsa a 1977, yau kuwa babu jihar da ba ta da shi.

Rajistar kanta ba wani aiki ba ne, a zama ɗaya ake cike ta. Inda ake faɗawa rami shi ne abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, wato banki da haraji.

Banki tukuna, kafin ka biya ko sisi

Kamfanin da ba shi da asusu takarda ce kawai da ake biya wa kuɗi duk shekara. Manyan bankunan Amurka yawanci sai ka je reshe da kanka da fasfo, don haka mazauna waje sun fi komawa ga masu buɗe asusu ta intanet irin su Mercury, Relay, Wise da Payoneer, sannan Stripe don karɓar kuɗi da kati. Kowannensu yana da jerin ƙasashen da ba ya karɓar mazaunansu, kuma jerin yana canzawa. Abin da suke dubawa shi ne inda kai mai kamfanin kake kwana kake tashi, ba jihar da kamfanin ya yi rajista ba. Ka buɗe shafin kowanne ka karanta wannan jerin da idonka, ka tabbata aƙalla biyu za su karɓe ka. In babu ko ɗaya, ka dakata. Yin rajista a wannan hali sayen kifi ne a ruwa.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar ka ari adireshin ɗan'uwa da ke wata ƙasa ka ce a can kake zaune. Suna neman takardar shaidar mazauni da sunanka, kamar ta wuta ko ta banki, suna kuma ganin daga inda kake shiga asusun. Ranar da suka gano, sai su rufe asusun da kuɗinka a ciki, ka shafe makonni kana bin saƙonni.

Wace jiha?

A Amurka jiha ce ke yi wa kamfani rajista, ba gwamnatin tarayya ba. In kana da ofis, ma'aikaci ko shago a wata jiha, magana ta ƙare: can za ka yi, domin ko ka yi a wata jihar sai an tilasta maka sake rajista a inda kake aikin, ka riƙa biya sau biyu. Wanda ba shi da komai a ƙasar shi ne ke da zaɓi, kuma galibi zaɓin bai wuce jihohi uku ba.

Wyoming tana karɓar dala 100 na rajista, sannan rahoton shekara wanda mafi ƙarancin kuɗinsa dala 60 ne, ana biya a ranar farko ta watan da aka kafa kamfanin. New Mexico dala 50 ce, kuma ba ta neman rahoton shekara daga LLC. Delaware dala 110 ce, ga harajin shekara, wanda a 2025 dala 300 ne, da ake biya kafin 1 ga Yuni, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In aka makara akwai tarar dala 200 da ruwan kashi 1.5 cikin ɗari duk wata. Kuɗaɗen nan sukan canza, sai ka duba shafin gwamnatin jihar a ranar da za ka biya.

Sunan Delaware ya yi tambari saboda tana da kotu ta musamman ta shari'un kamfanoni, kuma manyan masu zuba jari sun saba da dokarta. Amma su masu zuba jarin ba LLC suke so ba, kamfani mai hannun jari suke nema, wanda ake kira C-Corp, mai biyan harajin tarayya na kashi 21 cikin ɗari a kan riba. In ba ka da niyyar neman jarinsu, dala 300 ɗin nan ta Delaware kuɗin suna kawai kake biya. A ganinmu, ga mutum ɗaya mai aiki daga gida, Wyoming ta wadatar. Kalifoniya da New York kuwa ka kauce musu in ba dole ba: ta farkon tana karɓar aƙalla dala 800 duk shekara, ta biyun kuma sai ka buga sanarwa a jaridu biyu mako shida a jere.

Suna, wakili da takardar kafawa

Ka bincika sunan da kake so a rumbun kamfanonin jihar, kyauta ne. Dole ya ƙare da LLC ko cikakkiyar ma'anarsa, kuma kalmomin da ke nuna banki, inshora ko jami'a sai da izini na musamman. Ka sani cewa yi wa suna rajista a jiha ba ya ba ka mallakar tambarin kasuwanci. Wannan a hukumar USPTO ake yi, kuma tun 2019 wanda ke zaune a waje sai ta hannun lauya mai lasisin Amurka.

Sai wakilin rajista. Doka ta ce kowane kamfani ya kasance yana da mutum ko kamfani mai adireshi na zahiri a cikin jihar, ba akwatin gidan waya ba, wanda zai karɓi sammaci da wasiƙun gwamnati a madadinsa. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, kuɗinsu galibi tsakanin dala 50 ne zuwa 300 a shekara. Kafin ka zaɓa, ka duba farashin shekara ta biyu, ba ta farko ba, domin da yawa sukan yi arha a farko su ɗaure ka daga baya. Ka kuma tambaya ko suna ɗaukar hoton wasiƙa su turo maka a ranar da ta iso. Sammaci yana da wa'adi, in ya wuce ba ka amsa ba kotu za ta yanke hukunci a bayan idonka.

Takardar kafawa a Wyoming da New Mexico sunanta Articles of Organization, a Delaware kuma Certificate of Formation. Gajera ce: sunan kamfani, sunan wakili da adireshinsa, adireshin aika wasiƙa, da sa hannun wanda ya shigar. Waɗannan jihohi uku ba sa neman a rubuta sunan mai kamfani a bainar jama'a, amma kada ka ɗauka ɓuya ka yi. Banki ya san ka, hukumar haraji ta san ka.

Adireshin wakili ba lallai ya zama adireshin kasuwancinka ba, bankuna da dama ma ba sa karɓarsa. In za ka yi hayar adireshin karɓar wasiƙa, za a ba ka fom mai lamba 1583 na hukumar gidan wayar Amurka, wanda ake sa wa hannu a gaban mai tabbatar da sa hannu tare da takardun shaida biyu da ke nuna ko kai wane ne. Ana yin wannan ta kiran bidiyo.

Akwai takarda ɗaya da ba a kai wa gwamnati, shi ya sa ake raina ta: yarjejeniyar gudanarwa, Operating Agreement. Ita ce ke nuna wane ne mai kamfanin, tunda takardar jiha ba ta faɗa ba, kuma banki zai tambaye ta. In kai kaɗai ne, shafi kaɗan sun isa. In ku biyu ne ko fiye, ku zauna ku rubuta kason kowa, nawa kowa ya zuba, wa ke da ikon sa hannu a asusu, yaya za a raba riba, me za a yi in ɗaya ya ce ya fasa ko ya rasu. Tun ana dariya ake rubuta wannan, ranar da rai ya ɓaci babu mai yarda da komai.

Lambar haraji

EIN lamba ce mai alƙaluma tara da hukumar harajin tarayya, IRS, ke ba kamfani. Babu asusu, babu Stripe sai da ita. Kyauta ce, duk wanda ya caje ka, ladan cike fom ya karɓa. Shafin intanet na neman ta yana aiki ne kawai ga masu lambar SSN (lambar shaida da Amurka ke ba 'yan ƙasarta da masu izinin aiki) ko ITIN (lambar harajin mutumin da ba shi da SSN), don haka kai fom SS-4 za ka cike ka tura ta fakis ko ta gidan waya, ko ka kira layin da aka ware wa masu nema daga waje. Ba sai kana da injin fakis ba, akwai masu tura shi ta intanet da ɗan kuɗi.

Ka zauna da fom ɗin a natse. A layi na 1 ka kwafe sunan kamfanin harafi da harafi kamar yadda yake a takardar jiha. Layi na 7a sunanka ne yadda yake a fasfo. A 7b, inda ake neman lambar SSN, ka rubuta kalmar Foreign, kada ka bar shi fanko. A 8a ka amsa cewa LLC ne, 8b adadin masu shi, 8c ka tabbatar a Amurka aka kafa shi. A 9a, in kai kaɗai ne, ka zaɓi akwatin Other ka rubuta Foreign-owned U.S. disregarded entity-Form 5472. Ka sa hannu, ka rubuta lambar fakis da za a maido maka da amsa. Hukumar ta ce fakis kwana huɗu na aiki ne, wasiƙa kuma kamar mako huɗu, amma a aikace yakan ja fiye da haka. Kada gajen haƙuri ya sa ka sake turawa. Kana iya wayar gari da lamba biyu a kamfani ɗaya, warware wannan kuwa ya fi jiran wahala.

Wasiƙar tabbatarwa, CP 575, sau ɗaya tak ake bayar da ita. Ka ɗauki hotonta ka adana a wuri biyu. In ta ɓata, sai dai ka nemi madadinta, 147C.

Da takardar jiha, wasiƙar EIN, yarjejeniyar gudanarwa, fasfo da shaidar mazauni za ka tunkari banki. Abin da ya fi jawo a ƙi mutum shi ne bayanin sana'a da bai fito fili ba. Kada ka rubuta "kasuwanci iri-iri". Ka faɗi abin da kake sayarwa, ga wa, daga wace ƙasa kuɗi za su riƙa shigowa, kuma kamar nawa a wata. Shafin intanet mai aiki da ke ɗauke da sunan kamfanin yana taimakawa ƙwarai.

Haraji, inda gizo ke saƙar

Za ka ji ana tallar cewa LLC na baƙo ba ya biyan haraji. Rabin magana ce. In mutum ɗaya ne mai shi, IRS ba ta kallon kamfanin a matsayin mai biyan haraji, kai take kallo. In aikin hannu kake yi kana zaune a waje, ba ka da ofis, ma'aikaci ko wakilin da ke ƙulla ciniki a madadinka a cikin Amurka, to a ƙa'ida kuɗin ba na Amurka ba ne, ko da masu biyanka Amurkawa ne. Amma da zarar kana da ma'aikaci can, ko kana zuwa kana yin aikin a can, ribar ta shiga hannunsu: sai ka nemi ITIN da fom W-7, ka cike 1040-NR. Masu ajiye kaya a rumbunan Amurka suna sayarwa, irin masu amfani da ma'ajiyar Amazon, lamarinsu yana da sarƙaƙiya, su nemi akanta da ya saba da harkar baƙi tun kafin kaya su sauka. Su ne kuma harajin ciniki na jihohi ya fi shafa: tun hukuncin kotun ƙoli na 2018 a shari'ar South Dakota da Wayfair, jiha tana iya tilasta maka karɓar mata haraji ko ba ka da ƙafa a cikinta, in cinikinka a can ya kai wani adadi, wanda a jihohi da yawa dala 100,000 ne a shekara.

Ko da ba a binka ko sisi, akwai takardar da ba ta da makawa. Tun shekarar haraji ta 2017, duk LLC da baƙo ɗaya ya mallaka sai ya tura fom 5472 haɗe da fom 1120 in wani kuɗi ya gitta tsakaninsa da mai shi. Tarar rashin turawa dala 25,000 ce, a kowace shekara. In hukumar ta aiko sanarwa aka yi kwana 90 ba a gyara ba, sai ta riƙa ƙara wata dala 25,000 duk kwana 30.

A ce ka kafa kamfani a watan Oktoba. Ka biya kuɗin rajista da na wakili daga aljihunka, ka zuba dala 200 a asusu don kada ya zauna fanko, shekara ta ƙare ba ka sayar da ko allura ba. Kai a ganinka babu abin da za a ba da rahoto. A wurin IRS kuwa kuɗin rajistar da ka biya wa kamfanin da dala 200 ɗin nan duk mu'amala ce tsakaninka da shi, kuma dole a rubuta su. Haka duk abin da ka cire ka kai aljihunka. Wa'adi 15 ga Afrilu ne, ana iya ɗaga shi zuwa 15 ga Oktoba da fom 7004 in an tura kafin ranar. A fom 1120 ɗin ba duka ake cikewa ba: suna, adireshi, da abubuwan B da E na shafin farko, sannan a rubuta Foreign-owned U.S. DE a samansa. Ba a tura shi ta manhajojin haraji da aka saba, sai ta fakis ko wasiƙa zuwa ofishin hukumar da ke Ogden a jihar Utah. Ka ajiye takardar shaidar cewa fakis ɗin ya tafi, ita ce hujjarka in an ce ba a gani ba.

In ku biyu ne ko fiye, hanyar daban ce. Fom 1065 ake turawa kafin 15 ga Maris, kowa a ba shi takardar K-1 ta kasonsa, kuma tarar makara ta haura dala 200 a kan kowane mutum a kowane wata. Saboda haka kada ka sa sunan matarka ko ƙaninka a kamfani don kara kawai.

Idan mai saye ko wani dandali ya nemi takardar haraji, kai mai LLC na mutum ɗaya W-8BEN za ka cike da sunanka, ba W-9 ba, domin W-9 rantsuwa ce cewa kai mai biyan harajin Amurka ne. Tsarin haraji na S-Corp da za ka ga ana yabo kuwa ba naka ba ne, doka ta hana wanda ba mazauni ba shiga cikinsa. Rahoton masu mallakar kamfani da FinCEN, hukumar Amurka mai sa ido kan laifukan kuɗi, ta fara karɓa a Janairun 2024, an ɗauke wa kamfanonin da aka kafa a cikin Amurka shi a Maris 2025. Tsofaffin bayanai a intanet har yanzu suna cewa dole ne, sai ka leƙa shafin hukumar ka ga inda aka kwana.

Sannan ƙasar da kake zaune tana nan tana jiran nata. Rashin biyan Amurka ba ya wanke ka a gida, kuma ƙasashe da dama suna ɗaukar kamfanin da ake juya shi daga cikinsu a matsayin nasu ta fuskar haraji. Wasu kuma suna da dokar bayyana asusun waje. Wannan tambaya ce ta akantan gida, ba na Amurka ba.

Katangar tana rushewa

Kariyar da LLC ke bayarwa tana nan ne muddin ka riƙe shi a matsayin abu dabam da kai. In kana biyan kuɗin makarantar yara da katin kamfani, kana karɓar kuɗin ciniki a asusunka na kanka, lauyan mai ƙara zai nuna wa alƙali cewa kai da kamfanin abu ɗaya ne, a bi ka har gida. In kana son kuɗi, ka tura daga asusun kamfani zuwa naka, ka rubuta a littafi, sannan ka kashe. A kwangila ka sa hannu da sunan kamfani da muƙaminka a ciki. Kuma LLC ba ya kare ka daga laifin da ka aikata da hannunka, ko bashin da ka tsaya wa da kanka. Ba ya kuma ba da biza ko izinin aiki, duk wanda ya ce maka yana bayarwa, aljihunka yake hari.

Bayan rajista za ka fara samun wasiƙu masu kama da na gwamnati, da hatimi da wa'adi, suna neman kuɗin wata takardar shaida. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da suka tsinci adireshinka a rumbun jiha. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa kafin ka biya.

In Amurka ba ta yi maka ba, Birtaniya tana yi wa kamfanin Ltd rajista ta hukumar Companies House cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai sunan darakta a fili yake ga kowa, kamfanin da kansa yana biyan harajin kashi 19 zuwa 25 cikin ɗari na riba, ana shigar da lissafin kuɗi duk shekara, kuma tun Nuwamban 2025 sai darakta ya tabbatar da ko shi wane ne. Estoniya kuma tun 2014 take ba baƙi katin e-Residency na gudanar da kamfani ta intanet, ba ta karɓar haraji sai an raba riba, amma katin ba izinin zama ba ne, kuma ba ya tilasta wa banki ya buɗe maka asusu.

Ranar da ka ga harkar ba ta tafiya, kada ka juya baya ka bar kamfanin haka nan. Wyoming takan soke rajista in rahoton shekara ya wuce kwana 60 ba a shigar ba, Delaware kuwa harajinta da tara suna ta taruwa, ita kuma IRS ba ta san ka daina ba. Ka biya basussukan kamfanin, ka kwashe abin da ya rage a asusu ka rufe shi, ka shigar da takardar rushewa a jihar, sannan ka sallami wakili, ba kafin nan ba. Daga ƙarshe ka tura 5472 da 1120 na wannan shekarar ka yi alamar cewa su ne na ƙarshe, domin kuɗin da ka kwashe ranar rufewa su ma sai an rubuta su.